Fitilar LED ba ta san ƙoshi ba: fashin baƙi kan ba ta wuta da haɗa wayoyinta

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah wani yaro mai shagon aski a layinmu ya shigo min da leda a hannu, ransa a ɓace. Ya sayo ƙananan fitilun LED, irin masu ƙafa biyu ɗin nan, zai zagaye madubin shagonsa da su. Ya ce, "Yaya, wallahi jabu aka haɗa ni da su. Duk wadda na gwada sai ta yi walƙiya sau ɗaya ta mutu." Na tambaye shi da me yake gwadawa, ya ce da batirin babur ɗinsa. Guda goma sha ɗaya ya kashe kafin ya haƙura. Fitilun lafiyarsu ƙalau, abin da ya ɓace masa abu ɗaya ne, kuma shi ne yake ɓace wa kusan duk wanda ya fara wasa da kayan lantarki: LED ba ta iya tsayar da wutar da take sha da kanta.

Duk wanda ya taɓa turke ragon layya ya san abin da ke faruwa idan rago ya sami buhun hatsi a buɗe. Ba zai ɗaga kai ba sai cikinsa ya kumbura, wani lokaci ma a yi asararsa. Saboda haka ake auna masa. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki ba haka yake ba, domin zaren nan yana ƙara taurin kai ga wuta idan ya yi zafi, sai ya rage shan da yake yi. LED kuwa ragon nan ce. Mutum ne zai auna mata.

Abubuwa biyu ake aunawa a wuta, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar. Akwai amfiya, wato yawan wutar da ke ratsa wayar. Ƙananan fitilu ba sa kaiwa amfiya guda, don haka ake raba ta gida 1000 a ce miliamfiya, ana rubuta ta mA. Ƙaramar LED mai faɗin milimita 5 tana son kimanin mA 20, kada a wuce. Sannan kowace LED tana da nata bolt ɗin da sai an kai shi take buɗe ƙofa. Ja tana buɗewa a wajen bolt 2, rawaya ma kusan haka, shuɗiya da fara kuma wajen bolt 3 zuwa 3.3. Idan aka yi ƙasa da wannan sosai ba ta kamawa sam. Da zarar an haura shi da ɗan kaɗan, ko da rabin bolt ne, wutar da ke ratsa ta sai ta ninka ta sake ninkawa. Yaron nan ya ɗora bolt 12 a kan abin da ke buɗewa a bolt 3, ba tare da wani abu a tsakani ba.

Dalilin da ya sa fara da shuɗiya suke da bolt iri ɗaya shi ne asalinsu ɗaya ne. Farar LED shuɗiya ce aka shafa mata wani sinadari rawaya a kai, haɗuwar hasken biyu ke bayyana fari a ido. Ɗan rawayan da ake gani a kan fitilar idan tana kashe, shi ne. Jar LED ta daɗe, tun 1962 Nick Holonyak ya ƙera ta a kamfanin General Electric na Amurka, amma shuɗiya mai haske ta ƙi samuwa sai farkon shekarun 1990 a Japan. Mutum uku da suka yi wannan aiki, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a 2014. Ba don su ba da har yanzu masu shayi da masu tsire a Kano suna fama da aci-bal-bal.

Akwai abin da ke ruɗar mutane. Mai sayarwa a kasuwa yakan ɗauki ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, na bolt 3, ya matse ƙafafun LED a kansa, ta kama, ba ta ƙone ba. Sai mai saye ya ɗauka haka ake yi da kowane batir. Wancan ɗan batirin ba shi da ƙarfin fitar da wuta mai yawa ko ya so, shi da kansa yake zama mudun awo. Batirin babur ko na mota kuwa an gina shi ne don ya tayar da inji, duk abin da aka nema zai bayar.

Mudun da ake sakawa a tsakani shi ne rasista, ɗan abin nan mai zane-zanen launi a jiki, wanda kuɗinsa bai kai na ruwan leda ba. Ana auna girmansa da om, sunan Georg Ohm ne, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idar a 1827. Lissafin ba wuya. Ka ɗauki bolt ɗin batirinka, ka cire bolt ɗin fitilar, abin da ya rage ka raba shi da yawan wutar da kake so ta wuce, a ma'aunin amfiya. mA 20 shi ne amfiya 0.02.

A ce cajar waya za ka yi amfani da ita, mai bolt 5, fitilar kuma ja ce. 5 a cire 2 saura 3, a raba da 0.02 ya ba da om 150. Ni dai 220 nake sakawa, domin ido da ƙyar yake gane bambancin hasken, fitilar kuma ta fi daɗewa. Idan farar LED ce guda ɗaya a kan bolt 12, a cire 3.2 saura 8.8, a raba da 0.02 ya zama 440. Ba a cika samun rasista mai 440 ba, sai a ɗauki na gaba da shi, 470. Kullum sama ake hawa, ba a sauka ƙasa. Mai 470 zanensa rawaya ne, sai shunayya, sai ruwan ƙasa. Mai 220 ja, ja, ruwan ƙasa. Amma launukan nan sukan rikita ido, musamman ja da ruwan ƙasa a ƙarƙashin hasken shago, don haka mita, wato na'urar hannu mai auna bolt da amfiya da om, ta fi gaskiya. Wanda zai shiga wannan harka, mita ce abin da zai fara saye kafin fitila.

Rasista ba shi da gaba ko baya, ko a wace ƙafa aka sa shi daidai ne. LED kuwa tana da. Doguwar ƙafa ita ke zuwa fulos (+), gajeriya zuwa mainos (-). Idan an riga an yanke ƙafafun, a duba gindin fitilar, ɓangaren da aka shafe gefensa ya zama a miƙe shi ne mainos. A ƙaramin bolt, juya ta ba ya kashe ta, ƙin kamawa kawai za ta yi. A bolt 12 kuwa gara kada a gwada.

To idan fitilun suna da yawa fa? Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi ganin ɓarna. Hanya biyu ce. Ko dai a jera su kamar ayarin raƙuma, gajeriyar ƙafar ta farko ta kama doguwar ƙafar ta biyu, haka har ƙarshe, wuta ta bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ko kuma a tsayar da su sahu, kafaɗa da kafaɗa, duk dogayen ƙafafu a waya ɗaya, duk gajeru a ɗaya wayar.

A ayari, wutar da ta ratsa ta farko ita ce ke ratsa ta ƙarshe, don haka haskensu yana zuwa daidai, rasista ɗaya kuma ya ishe su. Sai dai bolt ɗinsu taruwa yake. Farare uku sun ci 9.6, saura 2.4 daga cikin 12, a raba da 0.02 ya ba da om 120. Idan ka yi kwaɗayi ka sa huɗu, sun nemi 12.8, ya fi abin da kake da shi, sai su yi dishi-dishi. Ayari yana da riba babba: mA 20 ɗin da fitila ɗaya za ta sha, shi ne yake ratsa ukun duka, maimakon rasista ya ƙone yawancin ƙarfin ya mayar da shi zafi. Aibinsa ɗaya, idan guda ta yanke duk ayarin ya mutu.

Sahu shi ne ya fi jan hankalin sabon shiga saboda sauƙin haɗawa, sai ya tara fitilu ashirin ya sa musu rasista guda a gaba. Ranar farko abin gwanin sha'awa. Matsalar ita ce ko daga leda ɗaya aka ɗebo su, ba a samun LED biyu masu bolt daidai wa daida. Wadda tata ƙofar ta fi saurin buɗewa sai ta fi sauran sha, ta fi su zafi. Ita kuma LED idan ta yi zafi bolt ɗinta sauka yake, sai ta ƙara sha, ta ƙara zafi, har ta mutu. Da ta mutu rabonta ya koma kan sauran, sai ta gaba ta bi ta. Wanda ya taɓa sayen tocila mai araha ya ga fitilunta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan makonni, wannan ne ya gani. Idan aka haɗa ja da fara a sahu ɗaya kuwa, ja ce za ta kwashe wutar, fara ko kamawa ba za ta yi ba.

Abin da ake yi shi ne a haɗa hanyoyin biyu. A yi ƙananan ayari, kowanne fitila uku da nasa rasista, sannan a tsayar da ayarin sahu-sahu. Madubin yaron nan fitila 30 ya ci, ayari 10 ke nan, jimillar wutar mA 200. Ƙaramar adafta mai bolt 12 da amfiya 1 ta ɗauke su ko gumi ba ta yi.

Yanzu ga wani tarko da ya shafe mu a Kano musamman, domin yawancinmu ba da adafta muke kunna fitilun nan ba, da batirin sola ne ko na a-daidaita-sahu. Batirin da ake kira mai bolt 12 ba ya zama a 12. Idan ya cika yana wajen 12.6, idan kuma yana caji, rana ta take a kan faifan sola ko inji yana aiki, yakan kai 14.4. Mu koma kan ayarin farare uku da rasista mai om 120. A bolt 14.4 abin da ya rage ba 2.4 ba ne, 4.8 ne, wutar ta kusa ninkawa ke nan. Bolt ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 kawai, amma fitilar tana shan kusan biyun abin da aka gina ta a kai. Shi ya sa za ka ga a-daidaita-sahu an yi masa kwalliya da fitilu, bayan wata biyu rabinsu sun mutu, sauran suna ƙyaftawa. Maganin shi ne a yi lissafin da bolt mafi girma da batirin zai kai. 4.8 a raba da 0.02 ya ba da 240, sai a sa 270. Hasken zai ɗan ragu idan inji yana kashe, amma fitilun za su ga wata Sallar. Ko kuma a sa ƙaramin allon nan mai daidaita bolt a tsakani, ya riƙa fitar da 12 cif ko me batirin yake yi.

Fitilun ribon, waɗanda ake sayarwa a naɗe mita 5 a shagunan kayan wuta na Sabon Gari, wannan tsarin ne aka riga aka yi maka shi. Ka duba da kyau za ka ga kowace fitila uku da nasu rasista, sannan layin yanka da ɗigon tagulla. A nan kawai ake sa almakashi. Saboda an riga an auna musu, abin da ya rage maka shi ne adafta da waya, kuma dukansu biyu ana yin kuskure a kansu.

Ribon mai manyan fitilu da ake kira 5050, mai 60 a kowace mita, yana cin kimanin wat 14.4 a mita (wat shi ne bolt a ninka da amfiya). Naɗi guda wat 72 ke nan, a raba da bolt 12 ya ba da amfiya 6. Mutane sukan ɗauko adaftar tsohuwar dikoda mai amfiya 1 ko 2 su haɗa, sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, ko ta yi zafi har robarta ta yi wari. A nan akwai abin da ya kamata ya zauna a kai: bolt dole ya zo daidai, amfiyar adafta kuwa gara ta fi abin da ake buƙata. Adafta mai amfiya 10 ba ta tura 10 cikin ribon da ƙarfi, ribon ne ke ɗibar 6 ɗinsa ya bar sauran. Ni nakan bar rarar akalla kashi 20 cikin 100, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, fiye da haka ma ba ɓarna ba ne. Ƙananan fitilu na 3528 kuwa wat 4.8 suke ci a mita, sun fi dacewa da wanda batir yake lallaɓawa.

Tunda an zo maganar batir, ɗan batirin UPS mai bolt 12 da 7Ah (wato amfiya 7 na awa guda) yana ɗauke da wat 84 na awa guda a lissafi, amma irinsa ba a son a shanye fiye da rabi idan ana so ya yi ƙarko. Saura 42. Mita ɗaya ta 3528 za ta kai awa 8 a kansa. Naɗin 5050 gaba ɗaya kuwa da ƙyar ya wuce rabin awa. Kafin a sayi fitila a fara tambayar kai awa nawa ake so ta yi bayan an ɗauke wuta.

Waya ita ce abin da kowa ke rainawa. A wutar gida mai bolt 230, asarar bolt 2 a hanya ba wanda zai lura. A bolt 12 kuwa babban gibi ne. Siririyar wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 0.5 (0.5mm²) tana da turjiyar kusan om 0.035 a kowace mita. Idan adafta tana nesa da ribon da mita 5, zuwa da dawowa mita 10 ne, om 0.35. A ninka da amfiya 6, bolt 2.1 sun salwanta a cikin wayar, sun koma zafi. Da an sa mai kaurin 1.5 asarar ba za ta wuce 0.7 ba. Wannan ma idan tagullar gaske ce. Akwai waya a kasuwa da alminiyam ce aka yi mata wankan tagulla, idan ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari a ciki, ga ta ba nauyi, ga ƙin kama dalma. Tagullar da ke jikin ribon ɗin ma siririya ce ƙwarai, shi ya sa idan aka ɗaura naɗi biyu ko uku a jere za ka ga farkon yana haske, ƙarshen ya koma ja-ja kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Kowane mita 5 a ja masa tasa wayar daga adafta, ko a ba shi wuta ta kai biyu.

Idan batir ne tushen wutar, a sa fis, ɗan abin nan da ke yankewa idan wuta ta yi yawa, a wayar fulos, dab da kan batirin. Fis ba don fitila ake sa shi ba, don waya ne. Ranar da wayoyi biyu suka haɗu a bayan silin ko ƙarƙashin kujerar a-daidaita, batirin zai zuba wutar da za ta mayar da wayar jawur cikin daƙiƙoƙi. Kasuwannin Kano sun sha gobara isasshiya, kada kwalliyar shago ta zama sanadin wata. Haka nan haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, zafi yana sa gam ɗin ya saki. A liƙe da dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi.

Manyan LED masu wat 1 ko 3, irin na fitilar tsakar gida, labarinsu daban. Mai wat 1 tana shan wajen mA 350, mai wat 3 wajen 700. A wannan matakin rasista ya zama murhu. Abin da ake sa musu shi ne direba, ba na mota ba, wani ɗan allo ne da ke riƙe amfiya a wuri ɗaya ya bar bolt ya daidaita kansa. A jikinsa za ka ga an rubuta mA ɗinsa da iyakar bolt daga kaza zuwa kaza, sai ka jera fitilun ayari yadda jimillarsu za ta faɗa cikin wannan iyaka. Kuma dole a ɗaure su a kan farantin alminiyam. LED ba ta jefa zafinta gaba kamar tsohon ƙwai, a bayanta yake taruwa, idan bai sami hanyar fita ba haskenta zai dusashe tun kafin ta mutu. Ƙurar hunturu ma idan ta toshe tsagogin farantin sai an kakkaɓe.

Yara masu ƙirƙira suna son batirin 18650 da ake cirowa daga tsofaffin batiran laftof. An rubuta masa bolt 3.7, amma idan ya cika 4.2 ne, kuma da 4.2 ake lissafi. Farar LED a kansa tana son rasista mai om 56. Kada a caja shi kai tsaye da cajar waya, akwai ɗan allo mai suna TP4056 da aka yi don wannan aiki, a nemi wanda ke da kariyar hana batirin shanyewa ƙarƙaf. Wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage, a rabu da shi.

Ɗaliban da ke haɗa aikin makaranta da Arduino, ɗan allon nan da ake rubuta wa manhaja ya riƙa sarrafa kayan wuta, su ma sukan faɗa ramin nan ta wata ƙofa. Kowace ƙafa ta allon mA 20 aka shawarta, 40 ita ce iyakar da ba a ƙetarewa, wato LED ɗaya da rasistanta. Ribon kuwa sai an sa taransista a tsakani, wadda ke aiki kamar makunni, allon ya ba da umarni, adafta ta ba da wuta. Fitilun WS2812B masu sauya launi ɗaya-ɗaya bolt 5 suke so, kowace tana iya shan mA 60 idan ta yi fari sosai, don haka guda 60 sun kai amfiya 3.6, abin da kafar USB ta kwamfuta ba za ta iya ba. A ba su adaftarsu daban, amma a haɗa mainos ɗin adaftar da na Arduino. Idan aka manta wannan waya ɗaya, launukan sai su riƙa hauka, ɗalibi ya kwana yana zargin manhajarsa.

Sai ribon mai kaurin roba da ake sokawa kai tsaye a soket, wanda ake zagaye gine-gine da shi lokacin Maulidi. Wannan wutar gida ce a cikinsa daga farko har ƙarshe, ba ya cikin kayan wasa, kuma duk inda robar ta fashe yana iya kashe mutum, balle da damina. Mai koyo ya tsaya a bolt 5 da 12.

Da muka gama haɗa madubin yaron nan ban bar shi ya manna ba sai da muka gwada a ƙasa. Na juya mita zuwa ma'aunin amfiya, na yanke wayar fulos na sa ta a tsakani, ta nuna kusan mA 200 kamar yadda lissafi ya ce. Muka bar su a kunne rabin awa, muka bi rasistocin da adaftar da yatsa. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma abin da yatsa ya kasa jurewa akwai gyara a wurin. Ayari ɗaya ya ƙi kamawa, muka duba, ashe ya juya fitilar tsakiya.